Tarar Jirgi a Bakin Hanya

Cika-Mota ɗan kamasho ne a babbar tasha. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa ya tari fasinja, ya raba shi da jakarsa cikin ladabi, ya tura shi motar da ke lodi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, har shi kansa sai an maimaita yake waiwayawa. Yana da murya, yana da baki. Idan motar safe ta tashi ya zauna a bencin Mai Shayi, ba wanda ke samun sararin yin tari. A faɗarsa, duk abin da ke da taya a duniya ya san sirrinsa, kuma ba a taɓa yanka masa farashi ya biya yadda aka yanka ba.

Da furfura ta fara leƙo masa, ya nemi auren wata bazawara mai ɗinki. Mace ce mai nutsuwa, maganarta kaɗan. Ta yi shekaru tana ɗinka wa matan unguwa kayan tafiya, su je ƙasar waje su dawo su cika ta da labari, ita ko ƙofar filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Cika-Mota ya gano haka, sai ya shiga ta nan. Ya yi mata alƙawari cewa idan ta amince, amarcinsu ba a ɗaki za su ci shi ba. Zai ɗora ta a jirgin sama ya kai ta wata ƙasa mai teku, su zauna a bakin ruwa suna shan iska, shi ya riƙe mata takalmi.

Ta amince, aka ɗaura aure, ta tare. Sai dai da akwati da tukwane kawai ta tare. Keken ɗinkinta, wanda shi ne dukiyarta, shi ne abincinta, ta bar shi a gidan yayanta. Kullum da safe ta tafi can ta yi aikinta, da yamma ta dawo kamar mai zuwa ofis. Da ya yi ƙorafi, ta dube shi ta ce:

"Malam, na ji alƙawarin maza har kunnena ya yi kanta. Ranar da ƙafata ta taka jirgi, ka je ka ɗauko keke. Kafin nan yana inda yake."

Duk unguwa ta gane abin da hakan ke nufi, matar da ta bar kekenta a gidansu ba ta gama zuwa ba. Yayanta kuwa, wani kafinta mai kaurin wuya wanda tun farko bai so auren ba, duk inda suka haɗu sai ya sanar da shi cewa ya goge wa keken ƙura, yana nan lafiya, yana gaishe shi.

Cika-Mota yana da ɗan abin da ya tara a wata jakar fata da yake ɗaurawa a ƙugu, ƙarƙashin riga. Ba yawa, ba kuma abin raini ba. Amarya ta ce ita za ta nemo fasfo da masauki, don wata mai kawo mata ɗinki ta ba ta lambar wani ƙaramin masauki a bakin tekun, mai tsabta da sauƙin kuɗi. Ya bar mata wannan. Amma tikiti, ya ce kowa ya cire hannunsa. Harkar ɗaukar fasinja ce, kuma a cikinta ya yi gemu.

Ya je ofishin sayar da tikiti, ɗaki mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin firiji. Wata budurwa a bayan kwamfuta ta danna nan ta danna can, ta faɗa masa kuɗin mutum biyu, zuwa da dawowa. Ya shafa ƙugunsa. Abin da ke jakar ya isa, da ƙyar, amma ya isa. Da wani ne, da ya biya ya tafi gida ya yi barci. Cika-Mota ya yi dariya ya taya rabi.

Budurwar ta ce ba ita ke sa farashi ba, kuma gara ya saya yau, don duk sa'ad da ranar tafiya ta matso kuɗin ƙaruwa suke yi. Nan ya gyara zama, ya dube ta da tausayi.

"'Yata, kin taɓa lodi?"

Ta ce a'a.

"To, ni lodi ne sana'ata. Direba idan ya kunna inji ya waiwaya ya ga kujera ba kowa, ko nawa ka miƙa masa karɓa zai yi. Kujerar da ba kowa ba ta saya masa mai."

Ya fito yana girgiza kai, yana mamakin yadda ake ɗaukar yara aiki ba a koya musu komai ba.

A bencin Mai Shayi ya buɗe darasi. Ya ce wanda ke sayen tikiti a ofis baƙo ne, shi ake yanka. Mai wayo yakan jira sai an kunna inji. Gwani kuwa ko tashar ba ya shiga, bakin hanya yake tsayawa ya ɗaga hannu, inda direba ke zura kuɗin a aljihunsa ba tare da mai mota ya sani ba. Jirgi kuma, in ka cire fukafukan, bas ce. Wani tsohon direba da ake kira Birki, mai jan wata bas da ke tari kafin ta tashi, ya ce shi dai bai taɓa jin an tari jirgi a hanya ba. Cika-Mota ya ce ai shi ya sa har yau Birki yake jan abin da yake ja. Mai Shayi ya tambaya ko matuƙin jirgi yana da aljihu. Ya ce duk mai tuƙi yana da aljihu, da shi ake haifarsa.

Kafin rana ta faɗi labari ya zaga unguwa cewa Cika-Mota zai tafi ƙasar waje. A wurin mutanen unguwa kuwa ƙasar waje guda ɗaya ce. Duk mai ɗan'uwa a wani wuri bayan iyaka, gabas ne ko yamma, ya ɗauro saƙo ya kawo. Cika-Mota bai mayar da ko ɗaya ba. Ɗan kamasho ba ya mayar da saƙo. Ya ce idan ya sauka can, zai nemi tasha ya sa kowanne a motar garinsu. Kwali ya hau kwali, ƙunshi ya hau buhu. Aka kawo katifa a naɗe, aka kawo keji da tantabaru biyu a ciki. Ɗakin amarya ya koma rumbun ajiya, sai an yi tsalle ake isa gado. Ya je kasuwa ya sayo igiya mai kauri, don ya san but ɗin jirgi ba zai ɗauke wannan kaya ba, dole a ɗaure wasu a sama.

Amarya tana kallo. Sau ɗaya kawai ta tambaye shi ina tikitin. Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce suna nan a ajiye.

Ana gobe tafiya ya zaunar da ita ya koya mata tsayuwar fasinja. Kada ta nuna tana son tafiyar. Ta riƙa duban gefe tana hamma, kamar wadda aka tilasta. Sabon kayan da ta ɗinka wa kanta, shuɗi mai aiki a wuya, ta bar shi a akwati, don direba idan ya ga sabon kaya ba ya ragi. Ta saurare shi har ya gama. Da gari ya waye ta fito sanye da shuɗin, har da turare.

Basar Birki ta cika da 'yan rakiya. Masu saƙo suka zo su ga tashin saƙonsu, Mai Shayi ya rufe teburinsa, Yaya kafinta ya zauna a gaba ya naɗe hannu, ya ce shi ya zo ne ya gani da idonsa. Aka tura basar ta yi tari ta tashi.

Filin jirgin bai burge Cika-Mota ba. Ya tsaya a tsakiyar zauren, ƙasa tana sheƙi, rufi ya yi sama, ya duba hagu ya duba dama, ba ɗan kamasho ko ɗaya. Ba mai kiran gari, ba mai tarar fasinja, sai wani allo da rubutu ke canjawa a kansa. Ya ce wa Mai Shayi wurin ba shi da tsari, da za a ba shi mako ɗaya da ya gyara musu. Yana cikin faɗin haka wani mutum mai kwat ya zo wucewa yana jan jaka. Hannun Cika-Mota ya tafi da kansa ya kama jakar, bakinsa ya tambayi ina za a je. Mutumin ya fizge kayansa ya fara neman ɗan sanda da ido. Birki ya ba shi haƙuri, ya ce ciwon sana'a ne.

Suka isa kantar sayar da tikiti, jama'ar unguwa a bayansu da kwalaye a ka. Matar da ke kantar tana sanye da hula ƙarama da murmushin aiki. Ya tambaye ta wanne ne ke lodi zuwa ƙasar tekun. Ta ce akwai mai tashi da rana, ta faɗi kuɗin mutum biyu. Kuɗin sun tashi. Abin da ke ƙugunsa yanzu ba zai isa ba. Sai ya tuna cewa haka ake fara ciniki, daga sama.

Ya sunkuya ya rage murya, ya ce ta kira masa direban su yi magana a gefe. Ta ce matuƙi ba ya fitowa nan. Ya ce to kwandasta. Ta ce babu. Ya ce to waye ke karɓar kuɗin waɗanda za su zauna a kan inji. Ta dube shi, ta dubi kejin tantabarun, ta ce Baba akwai mutane a layi.

Nan ya fito da babban makaminsa. Ya juya ya ce wa Amarya ta ja akwatinta su tafi, a hankali, kada ta waiwaya. Ya raɗa mata cewa kafin su kai ƙofa za a kira su. Suka taka. 'Yan rakiya suka juya suka bi su, katifa tana lilo a kan wani. Cika-Mota yana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, kunnensa a baya. Suka kai ƙofa. Ƙofar ta buɗe da kanta, suka fita cikin rana, ta rufe da kanta. Ba wanda ya kira.

Ya ce yarinyar tana da taurin kai, za ta yi amfani a tasha. Suka ɗan tsaya a inuwa don ta ji zafin rashinsu, suka koma. Matar kantar ta danna kwamfuta ta ce kujeru sun ragu, kuɗi sun ƙaru. Ya ce a duniya bai taɓa jin mota tana ƙara tsada don ta kusa cika ba, wannan zalunci ne da rana tsaka. Ya sake juyawa da ayarinsa. Wannan karon har ya tsaya a bakin ƙofa ya yi kamar yana gyara takalmi. Tantabaru ne kawai suka yi magana.

A waje Yaya ya matso kusa da shi, ya sa baki a kunnensa.

"Suruki, in koma in goge keken?"

Cika-Mota ya dubi Amarya. Tana tsaye riƙe da akwati, shuɗin kayanta yana ɗaukar rana, idonta a kan wutsiyar wani jirgi da ke leƙowa ta saman gini. Ba ta yi hamma ba ko sau ɗaya. Ya ɗaga murya ya ce dama shigar da ya yi gwaji ne, yanzu za a ga aiki. Kowa ya shiga mota, bakin hanya za a je.

Birki ya ce shi bai san hanyar jirgi ba. Cika-Mota ya ce duk abin da ya fita tasha ta wata ƙofa yake fita, a bi shinge har a ga ƙofar. Suka bi wata hanyar ƙasa da ke gefen shingen waya, suka wuce alluna masu jan rubutu waɗanda ya ce talla ce, har suka kai inda titin jirgin ya ƙare. Aka sauke kaya aka jera a gefen hanya, manya a baya, ƙanana a gaba, yadda direba zai ga ba su da yawa. Ya tsayar da Amarya can gefe da akwatinta, ya ce idan jirgi ya tsaya kada ta yi gudu, gudu yana ƙara kuɗi.

Na farko ya taho. Tun daga nesa Cika-Mota ya miƙa hannu yana kaɗa shi ƙasa-ƙasa. Jirgin ya ɗaga hanci ya bi ta kansu da ƙarar da ta girgiza haƙora. Huluna suka tashi, Mai Shayi ya kwanta rub da ciki yana salati, wata tsohuwa ta shige ƙarƙashin basar. Da ƙura ta lafa, Cika-Mota ya karkaɗe kunne ya ce wannan a cike yake, ai kowa ya ga ya kunna masa fitila, alamar ban haƙuri ce tsakanin 'yan hanya.

Na biyu ma ya wuce. Ya ce laifin shingen ne, yana kare su, direba ba ya ganin fasinja sai ya riga ya ɗau wuta. Ana bukatar tudu. Ya sa aka warware katifar saƙo aka shimfiɗa a kan waya mai ƙaya da ke saman shingen, mai katifar yana rantsuwa. Ya tuɓe farar rigarsa ya ɗaura a sanda. Jakar ƙugu ta hana shi ɗaga ƙafa, sai ya kwance ta ya kai wa Amarya ya ce ta riƙe. Birki da Mai Shayi suka tura shi sama. Ya hau ya zauna a kan katifar, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje, daga shi sai singileti da wando, yana kaɗa tutarsa.

Can nesa wani jirgi ya juyo ya daidaita hancinsa da titin. Ya fara tahowa. Cika-Mota ya kaɗa riga da dukkan ƙarfinsa. Jirgin ya ƙara gudu kaɗan, sai ƙararsa ta sauka. Ya rage. Ya rage. Ya tsaya cik a tsakiyar titi.

Bakin Yaya ya buɗe bai sani ba. Cika-Mota ya juyo a hankali ya dubi jama'arsa daga sama.

"Ga shi nan," ya ce. "Birki, ka ce me?"

Birki ya cire hularsa da ya tsinto ya riƙe a hannu.

Cika-Mota ya ba da umarni a miƙo kaya da igiya, kada a ɓata wa direba lokaci, mutumin kirki ne. Masu saƙo suka shiga jefa kwalaye ta saman shinge, kowa yana so nasa ya riga shiga. Sai ga motoci suna tahowa ta cikin filin da jiniya da fitilu masu walƙiya. Ya ce a kwantar da hankali, direba ne ya aiko a ɗauki kaya. Da suka tsaya a ƙarƙashinsa, jami'ai suka diro, ya ɗaga musu yatsu biyu ya ce mutum biyu ne da kaya, amma sai an yi ragi. Suka kama ƙafar da ke ciki suka jawo shi. Ya sauko, rabin wandonsa ya zauna a kan waya.

Aka kwashi kowa da komai, har basar Birki, aka mayar da su ginin da suka baro. Aka zuba su a wani ɗaki mai bangon gilashi, inda duk matafiyan zauren ke iya kallonsu, kuma suka kalla. Amarya kaɗai aka bari a waje, don an same ta nesa da shingen, tsaye da akwatinta kamar ba ta san su ba.

Babban jami'in mutum ne mai gajiyayyen ido. Ya tambayi Cika-Mota abin da ya kai shi kan shinge. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga sirrin kujerar da ba kowa har zuwa aljihun direba, ya ƙara da cewa idan Yallaɓai yana so zai koya wa yaransa. Jami'in ya nuna tulin kwalayen ya tambaya ko nasa ne. Ya ce ko ɗaya, duk saƙon mutane ne. Ya tambaya me ke ciki. Nan Cika-Mota ya ji an taɓa mutuncinsa.

"Yallaɓai, ni ɗan amana ne. Tun da nake ban taɓa buɗe saƙon mutum ba. Ko me aka ba ni, ɗauka nake in sa a mota."

Jami'in ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, ya ce a kwance komai, kowa ya tsaya a kan nasa.

Aka fara. Daga ƙunshin matar mai gidan haya agogon bango ya fito, wanda mijinta ya yi wata guda yana zargin 'yan haya da sace shi, ga shi kuma tsaye a wurin. Daga kwalin Mai Shayi aka zaro gwangwanayen madarar da kullum yake rantsuwa ta ƙare a kasuwa. Sai aka ɗago wani ƙunshi mai ɗaurin kafinta, tsaf, ba wanda ya amsa. Jami'in ya ce idan ba mai shi, za a kira masu kwance bam. Yaya ya ɗaga hannu a hankali. Shi da ya rantse ba inda za a je, ashe ya zura wa abokinsa saƙon takalma ta hannun maƙwabciya. Ɗakin ya kaure da cacar baki, miji da mata, mai shayi da masu shan shayi. Cikin turereniya wani ya taka kejin. Tantabarun suka fice ta ƙofa suka yi sama cikin zauren, suna zagaya fitilu, ma'aikata na bin su da tsintsiya. Birki ya ce to, ko ba komai an samu waɗanda suka tashi.

Amarya tana zaune a benci a waje. Ta ji lasifika tana ba matafiya haƙuri, an dakatar da tashin jirage na ɗan lokaci saboda an ga mutum a kan shinge, jirgin ƙasar tekun ya dawo bakin gini, zai jima kafin ya tashi. Ta dubi jakar fatar da ke cinyarta. Ta tashi ta je wurin mai ƙaramar hula, ta ɗora jakar a kan kantar tare da fasfonta, ta tambaya ina wannan zai kai. Matar ta duba ta ce mutum ɗaya, zuwa da dawowa. Amarya ta ce a ba ta.

Lokacin da ta zo ƙofar ɗakin gilashin, jami'in ya riga ya yanke hukunci. Ya ce ya bincika, mutumin ba mugu ba ne, abin da ke damunsa ya fi ƙarfin ofishinsa. Za a sake shi da yamma idan wani ya tsaya masa, kuma kada a ƙara ganinsa ko a inuwar shingen. Cika-Mota yana zaune a kujera ya rufe cinyarsa da farar rigar. Da ya gan ta ya miƙe, ya tuna wandon, ya koma ya zauna.

"Malam," ta ce, "jirgin da ka tsayar namu ne. Bai tafi ba. Na sayi kujera."

"Biyu?"

"Ɗaya."

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne ko ta nemi ragi. Ta juya wurin yayanta ta ce idan an sake su, ya ba mijinta keken. Yaya ya ce wane irin keke, mutumin da ya ce zai kai ta ga shi nan zaune ba wando, ina alƙawarin ya cika. Ta ce ita ƙafarta ta ce za ta taka jirgi, kuma yanzu za ta taka. Kuɗin guminsa ne, shi ya kawo ta filin, shi ya riƙe mata jirgin har ta gama shawara.

"A cikinku wa ya taɓa tsayar min da ko amalanke?"

Ta ƙara da cewa Yaya ne zai tsaya masa, tunda shi ma da kayansa a cikin lodin.

Cika-Mota ya ce, da ƙaramar murya wadda tasha ba ta san shi da ita ba, to amarcin fa.

"Zan ci rabona," ta ce, "in dawo in ba ka labarin naka."

Ta ja akwatinta ta bi layin masu tafiya. Ya bi shuɗin kayan da ido ta cikin gilashi har ya shige wata ƙofa. Can an jima ginin ya ɗan girgiza da ƙarar tashin jirgi. Hannunsa ya ɗaga da kansa, Mai Shayi ya kama ya mayar masa da shi ƙasa.

Basar Birki ta kwana a hannun hukuma, kuma Birki ya daina yi masa magana. Don haka washegari a ka ya ɗauko keken daga gidan Yaya. Hanyar kuwa ta tsakiyar tasha ta bi. 'Yan kamasho suka bar lodi suka yi masa layi, wannan ya tambaye shi yaya sanyin ƙasar waje, wancan ya tambaya ko tsarabar ke nan a kansa. Ya so ya tsaya ya yi musu bayanin yadda ake tsayar da jirgi da riga ɗaya, amma ƙarfen ya danne masa wuya, magana ta ƙi fita. Ya wuce yana nishi. Ya kai keken ɗaki ya ajiye a gindin taga, inda haske ya fi kyau, ya zauna a bakin gado yana kallonsa.

Da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Amarya ce. Ta ce ta sauka lafiya, masaukin yana da tsabta, tagar ɗakin tana duban ruwa. Ta ce ya yi shiru ya saurara. Ya manna wayar a kunne. Wani abu yana tahowa da gurnani, ya fashe, ya ja da baya, ya sake tahowa. Ya daɗe yana ji.

Ta tambaya ko ya ji. Ya gyara murya ya ce ya ji, ai shi dama ya san teku, ƙararsa kamar tirela ce mai fasasshen salansa. Ta ce haka ne. Ta ce masu masaukin kofi biyu na shayi suka kawo da safe, tunda ɗakin na mutum biyu ne, ta shanye nata, ta shanye nasa, nasa ya fi sukari.

"Keken yana ɗaki?"

"Yana gindin taga."

"To, ka sa masa mai. Kar ka taya shi ciniki, ka cika masa."

Ya ce to. Ya ajiye wayar, ya durƙusa ya shiga laluben kwalbar man a ƙarƙashin gado.